Ƙugiyar da Ke Cikin Ƙarfen Tanko

Kwanakin baya wani jikana da ke karatun injiniya ya goya ni a babur ya kai ni ɗakin gwajinsu, wai in ga yadda ake ɗaukar hoton cikin ƙarfe. Ni za a nuna wa! Ya ɗora guntun bututu a cikin wani akwati, ya rufe, ya danna wani abu da ɗan yatsa ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da waya yana hira da wata. Kafin in gyara zama hoto ya fito a allon kwamfuta. Ya juyo ya ce, "Tsoho, aikin naku ke nan fa da kake cika mana kunne da shi." Abokansa suka kwashe da dariya. Ban ce musu komai ba a wurin, don ba na faɗa a gidan mutane. Amma yanzu ga ni a gidana, sai ku saurara.

Injin da na yi aiki da shi ya iso Wudil a bayan babbar mota, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara su tafi. Wata kwalejin koyon injiniya ce ta aiko shi tare da ɗalibanta na ajin ƙarshe da malaminsu, wani siririn Bature da ba ya cire lofe daga baki ko babu taba a ciki, shi ya sa muka sa masa Mai Lofe. Ɗaliban za su koyi haɗa wata 'yar gadar ƙarfe a kan rafin da ke hanyar Darki. Shi kuwa Mai Lofe bincike yake yi a kan yadda walda ke kamawa a ƙasar zafi, yana so ya rubuta littafi. Ni an ɗauke ni ne don na iya wankin hoto. Na koya a wurin wani mai hoto a Sabon Garin Kano, mutumin da ya sa na shekara ina ɗebo ruwa da wanke kwanukan magani kafin ya bar ni in taɓa fim. Ranar da ya bari ma sai da ya shinshina hannuna ko na ci ƙuli-ƙuli.

Ɗaga injin kansa aiki ne. Kan injin, wato inda hasken ke fitowa, ƙarti huɗu ke cicciɓarsa suna nishi. Sai akwatin maɓallai mai doguwar waya, sai injin wuta wanda ba ya tashi sai an lallashe shi, wani lokaci sai an zage shi. Fim ɗin kuma yana cikin wata baƙar jaka shafaffiya, ana ɗaure ta a bayan ƙarfen da za a duba. Hasken ya ratsa ƙarfe, ya faɗa kan fim, ya bar labarin abin da ya tarar a hanya. Inda akwai rami ko tsaga, wurin sai ya fito baƙi. Inda akwai abin da ya ƙara wa ƙarfen kauri, sai ya fito fari. Walda mai kyau kuwa toka-toka take fitowa, sumul, babu abin kallo. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Fim na farko da na wanke a Wudil narkewa ya yi. Ɗakin duhuna wani tsohon zaure ne, muka toshe tagogi da barguna, muka liƙe ƙofa da tabarmi, ya zama babu haske kuma babu iska. A watan zafi ruwan magani har ɗumi yake yi. Na tsoma fim, na ɗago, sai na ga hoton ya zame ya taru a gindin kwano kamar koko. Daga ranar na koma jera kwanukan a cikin randa, ina jiƙa buhu ina rufewa, ina jefa alif a ruwan ƙarshe, irin wanda mata ke tace ruwa da shi, don ya ƙarfafa fuskar fim. Nakan ɗaure goshina da tsumma, don ɗigon gumi ɗaya ya isa ya sa a ce gada ta tsage. Ga ƙadangaru da ke faɗowa daga rufi a daidai lokacin da hannunka biyu ke cikin ruwa. Ku da kuke zaune a ɗaki mai sanyi, ban san me za ku yi da ƙadangare a wuyan riga ba.

Korar mutane ta fi duk wannan wahala. Hasken ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana cutarwa, don haka kafin a kunna sai a kewaye wurin da igiya, mu ma mu koma bayan buhunan yashi. To, mutanen Wudil idan suka ga igiya, sun ɗauka wurin tsayawar 'yan kallo ne aka gyara musu. Mai Lofe ya yi bayani da Hausarsa ta 'yan koyo, ba wanda ya motsa. Sai wani ɗalibi, Garba, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, abin nan haihuwa yake kashewa." Ban taɓa ganin maza sun watse haka ba. Wani har da barin jakinsa. Daga ranar ba mu ƙara ganin namiji kusa da igiya ba, sai tsofaffin mata, waɗanda suke tsallakewa abinsu da tallan daddawa suna cewa su me ya rage musu.

Masu neman aiki kuwa ba a magana. Wani dillalin shanu ya jawo saniya tun daga kara, kasuwar shanu, wai a duba masa ko tana da ciki kafin ya sallama. Wani masunci ya roƙa a haska masa kogi ya ga inda giwan ruwa ke kwana. Wani dattijo daga Indabo ya ja ni gefe, muka gaisa har muka gaji, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, sannan ya rage murya ya ce, "Malam Ilu, abin naku yana ratsa bangon rumbu?" Na ce wane rumbu. Ya ce na ƙanensa, wanda ke rantsuwa ba shi da ko zangarniya. Duk mun mayar da su. Sai suka yanke cewa Bature rowa gare shi, ni kuma na koya.

Yanzu ga Tanko. Ɗan gidan maƙera ne na nan cikin gari, gidan da tun kakanni manoman Indabo da Lajawa da Darki ba su san garmar kowa ba sai tasu. Mahaifinsa, Baba Magaji, shi ne babba a maƙerar. Tanko ne kaɗai a gidan ya je Kano ya koyo walda, kuma ba da son tsohon ba, don shi a ganinsa ƙarfen da bai sha masaba ba bai haɗu ba. Da kwalejin ta nemi mai walda na gari, Tanko aka kawo. Mutum ne mai ƙarancin magana, hannunsa kuwa ba ya rawa. In ya ja layin walda sai ka ce ɗinkin hula. Ina sonsa, kuma ina jin kowa a wurin aikinmu yana sonsa.

Tsarin aikinmu shi ne mai walda shi ke ɗaure jakar fim a bayan aikinsa, don shi ya san inda ya fara da inda ya dire. Ni ina gaba ina saita kan injin. In an gama shi ke kwancewa ya miƙo mini, in wuce ɗakin duhu.

Hoton waldarsa na farko, da na ɗora shi a akwatin hasken da muke duba fim a kai, sai ga wani siririn layi fari fat kwance a tsakiya. Mai Lofe ya matso har lofensa na taɓa gilashi. Da baƙi ne, da ya ce tsaga ce, a sake. Amma fari, miƙaƙƙe, mai tsini a gefe ɗaya, bai taɓa gani ba. Ni ya fara tuhuma. Ya sa na zubar da magani na haɗa sabo, na canza jaka, na wanke fim da ba a haska ba. Duk suka fito ƙal. Sai ya tara ɗalibai, suka auna layin da ma'auni, suka zana shi a takardunsu. Fuskarsa ta yi ja don murna.

Tanko na jirana a bakin zaure.

"Malam Ilu, ya fito?"

"Ya fito."

"Lafiya dai?"

"To, an ga wani abu. Ɗan ƙarami ne."

"A cikin aikina?"

Na ce haka hoto ya nuna. Ya rataya jakarsa ya tafi gida.

Aikin da ya biyo baya ya yi shi kamar zai kai wa sarki. Ya goge ƙarfe har yana sheƙi, ya shanya sandunan walda a rana, ya yi bisimilla. Muka haska. Layin nan yana nan, kuma ya samu abokin zama, wani abu mai kusurwa huɗu da ɗan rami a tsakiya. Mai Lofe ya kasa zama. Ya ce abin girma yake yi. Ɗalibai suka rabu biyu, wasu na cewa zafin Wudil ne ke tara wani sinadari a cikin ƙarfe, wasu na cewa yashin kogi ne ke shiga walda. Garba ya ce shi dai abu na biyun nan ya yi masa kama da guntun reza, aka ce ya daina wasa da ilimi.

A hoto na uku ƙugiya ta fito. Ba abin da ya yi kama da ƙugiya ba, ƙugiya sak, irin ta masu fatsa, da lanƙwasarta da ƙayarta da idon da ake zura zare. Muka tsaya cirko-cirko a gaban akwatin haske. Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Aka kira Tanko ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Innalillahi. Wa na yi wa me?" Shi a wurinsa magana ta ƙare, wani ne ya yi masa sammu, ya tura masa ƙugiya cikin ƙarfe.

Mai Lofe ya sa aka kawo zarto. Aka yanka waldar gunduwa-gunduwa, aka goge, aka duba da gilashin ƙara girma. Ƙarfe lafiyayye, ko ɗigo babu. Sai ya sa aka haska wani fallen ƙarfe da ya zo daga kamfani, wanda ba a yi wa walda ba. Tanko ya ɗaure jaka, muka kunna, hoto ya fito sumul. Ke nan ba injin ba ne, ba wankina ba ne, ba ƙarfen ba ne. Saura hannun Tanko.

Kowace sana'a akwai shekarar da ba a son tunawa, tamu ita ce wannan. Ɗaliban nan ba su da mugunta, amma suna da baki. Ranar Juma'a suka shiga kasuwa shan fura, kafin la'asar babu wanda bai ji cewa injin Bature ya ga ƙugiya a cikin ƙarfen gidan Magaji ba. Lokacin kuwa damina ta ƙarato, lokacin da maƙeri ke samun abin da zai ci shekara. Garemani da fartanyoyi na jere a rumfarsu, mutane na wucewa suna kauda kai. Wanda ya saya makon jiya ya dawo da ita. Wani mutumin Lajawa ya dawo da garmar da ubansa ya yi noma da ita, wadda aka ƙera tun kafin a haifi Tanko, ya ce shi dama ya daɗe yana jin bayansa na ciwo.

Baba Magaji ya aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune kusa da uwar maƙera, wuta a mace, masu zuga na zaune suna kallon ƙasa. Na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Ilu, kai ne mai wanke hoton?"

"Ni ne, Baba."

"To, ba za ka wanke shi da kyau ba, ƙugiyar ta fita?"

Na yi masa bayani cewa ba irin wannan wankin ba ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Gidan nan tun kakan kakana ba a taɓa dawo mana da ƙarfe ba. Yaron nan ya je ya ɗebo mana wutar Turawa, ga shi sunanmu na yawo a bakin masu sai da goro." Tanko na tsaye a bakin ƙofa yana ji. Wallahi na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Mai Lofe kuwa bai san ana yi ba, littafinsa ya samu babi. Don ya tabbatar, sai ya aika Kano aka zo da wani gwanin walda, Mamman, mutumin Fagge, mai yawan magana da hula a karkace. Ya iso yana cewa shi hannunsa ba ya haihuwar ƙugiya. Ya yi waldarsa, ya cire safar hannu, ya ce shi ba ɗan ɗaure jaka ba ne, ya koma inuwa. Tanko ya ɗaure masa. Muka haska, na wanke, na ɗora a akwatin haske.

Layi, da abu mai kusurwa huɗu, da ƙugiya. Har da wani sabon abu zagayayye kamar zobe.

Mamman ya yi tsalle ya dire. Ya ce garin nan ba lafiya ba, a ba shi kuɗin mota. Garba ya ce ashe cutar ana ɗauka. Amma Mai Lofe ya koma wurin akwatin haske. Ya ɗauko hoton Tanko na uku, ya ɗora a kan na Mamman, ya yi ta juyawa har ƙugiya ta hau kan ƙugiya. Suka zama ɗaya, har ɗan karyewar da ke bakin ƙayar. Ya ce, "Ƙugiya ɗaya ce. Tana yawo." Sannan ya ce a sake ɗauka, shi kuma wannan karon zai tsaya a bayan ƙarfe.

Muna kallo Tanko ya ɗauki jakar fim, ya sa hannu a aljihu, ya ciro wani abu shafaffe na jar fata, ya manna shi a bayan walda, ya ɗora jaka a kai, ya fara ɗaurewa. Ko ɓoyewa bai yi ba.

Mai Lofe ya ce, "Tanko, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, wannan ba na aikinku ba ne. Nawa ne."

"Mene ne?"

"Layu ne. Na tsarin ido."

Ashe tun ranar da aka ce wani injin zai leƙa cikin aikinsa, yayar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla, ta ce ba a bar wa baƙon ido aikin maƙeri haka tsirara. Ta je Indabo ta karɓo masa laya wurin wani mai magani. Da aka ce an ga abu, ta ce ta farko ba ta da ƙarfi, ta karɓo ta biyu wurin wani ɗan tauri. Da abin ya ƙaru, ta gangara bakin kogi wurin wani tsohon masunci. Da ƙugiya ta fito, ta tafi har Darki a ƙafa. Kowace ta zo, baduku ya haɗa ta da 'yan'uwanta a fata ɗaya. Tanko bai san abin da ke ciki ba, don ba a farke laya, in an farke ta mutu.

Na ce, "To, fallen kamfani fa, me ya sa ba ka sa masa ba?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Wannan ai ba aikin kowa ba ne."

Mamman ya taso daga inuwa. "Ni kuma wa ya aike ka ka sa mini?"

"Kai baƙo ne a garinmu. In bar ka haka ba tsari?"

Mamman ya gyara hularsa, ya koma inuwa.

Mai Lofe ya ciro 'yar wuƙarsa ya ce a buɗe a gani. Tanko ya mayar da layun aljihu ya dafe. Ya ce ko aikin ne a kore shi, amma ba a farkewa. Ana cikin haka sai ga Gwaggo Tasalla ta tsallako igiya da sandarta, don labari ya riga ya kai gida. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ba farkewa za a yi ba. In kin yarda, injin zai duba daga waje, ko zare ɗaya ba zai taɓa ba."

Ta tauna goro, ta yi nazari. Ta ce, "Masu ita cewa suka yi kar a farke. Ba su ce kar a leƙa ba." Sannan ta nuna kan injin da sanda. "In ma ya iya. Kuɗi na biya don a rufe masa ido."

Muka ɗora layun su kaɗai a kan jaka, muka haska. Ga allura, ga guntun reza, ga ƙugiya, ga zobe, kowanne a ɗakinsa. Gwaggo ta kalla ta ce ashe masuncin nan tsohuwar ƙugiya ya sa mata, mai karyayyen baki, za su gamu. Daga nan Mai Lofe ya ɗaure jaka da hannunsa a bayan waldar Tanko. Na ɗago fim ɗin daga ruwan ƙarshe, na duba a jar fitila. Toka-toka, sumul, tun daga farko har ƙarshe. A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban ƙara wanke hoton walda mai tsabtar wannan ba. Mai Lofe ya yi asarar babinsa, amma ya yi dariya har da tari, ya miƙa wa Tanko hannu. Daga baya hoton layun nan ne yake fara nuna wa kowane sabon aji, ya bar su su yi ta gardama kafin ya gaya musu.

Saura kasuwa. Ranar Juma'a ni da Tanko muka tsaya a gaban rumfarsu da hotuna biyu, Baba Magaji na zaune a ciki. Mutane suka taru. Na ɗaga mai tsabtar sama, rana ta ratsa shi.

Na ce, "Jama'a, ga cikin ƙarfen Tanko."

Aka yi ta kallo. Mutumin Lajawan nan da ya dawo da garmar ubansa ya matso, ya kare ido da hannu.

"Malam, ina hoton?"

"Ga shi a gabanka."

"Ni ban ga komai ba."

"Ai shi ne ake so."

"To, ka tara mu ne ka nuna mana babu? Ina mai ƙugiyar?"

Na ɗaga mai ƙugiyar, da niyyar in yi bayani. Kasuwa ta ɗauki salati. Ana ture juna, ana ɗaga yara su gani. Na yi ta faɗa cewa laya ce aka manna a baya, amma kalmar laya kaɗai ta shiga kunnensu. Wani ya ce allurar ta tsarin maciji ce, wani ya ce rezar ta kaifi ce. Mutumin Lajawa ya dafe ƙirji ya ce, "La ilaha illallahu. Mu muna wahalar neman abin da za mu ɗaura wa ƙotar garma, ashe mutanen nan a cikin ƙarfen suke sa mana, ba su taɓa faɗa ba." Ya juya wurin Baba Magaji. "Baba, ina garmar ubana?"

Kafin a kira sallah rumfa ta zama wayam. Waɗanda suka dawo da kaya suna rantsuwa aro suka bayar. Tanko ya hau kan benci yana ɗaga hoton mai tsabta, muryarsa na fashewa.

"Wallahi babu komai a ciki! Ƙarfe ne zalla! Aiki ne kawai!"

Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗan halak. Ko da wuƙa a wuya ba zai faɗi sirrin gidansu ba."

Na dubi Baba Magaji ko zai sa baki. Tsohon ya sunkuyar da kai yana gyara bakin zaninsa, sannan ya ce wa masu zuga su ruga gida su hura wuta.

A daminar nan maƙerar ba ta huta ba. Har daga ƙetaren kogi ake zuwa neman garma mai ƙugiya. Duk wanda ya saya sai Tanko ya ce masa babu komai a ciki, shi kuma ya kashe masa ido ya ce ya gane. Gada ta haɗu, jakuna da amalanke suka yi ta bi ta kanta, ɗalibai suka tafi, ni ma na bi injin zuwa wasu garuruwa. Hoton ƙugiya Baba Magaji ya karɓe, yana fito da shi ranar kasuwa. Mai tsabtar kuwa Tanko ya kafa shi da ƙusa a bangon maƙera, inda ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalla.

Bayan na bar aiki na dawo gida, na je gaishe shi. Ya tsufa, idonsa ya tafi, hasken walda ya cinye shi. Jikokinsa na ƙera garma, har yanzu da sunan mai ƙugiya ake sayenta. Fim ɗin na nan a bango, hayaƙin shekaru ya mai da shi baƙi ƙirin, ya nannaɗe a gefe. Muka gaisa, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka rigaye mu. Da na tashi tafiya sai ya kamo hannuna.

"Malam Ilu, Baturen ya mutu, ko?"

"Haka na ji."

"Garba fa?"

"Shi ma."

"Saura kai ke nan." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Kai ka wanke shi. Ka duba shi da kyau ranar?"

"Na duba, Tanko. Tun daga farko har ƙarshe."

"Me ka gani?"

"Ko ɗigo babu."

Ya saki hannuna, ya jingina da bango.

"To, ka riƙa faɗa," in ji shi. "Ni ba sa yarda da ni."